Sayen Kwamfutar Tafi-da-Gidanka Mai Sauƙin Kuɗi: Abin Dubawa Kafin a Miƙa Kuɗi

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a ɗakin taro na ƙungiyar ɗalibai)



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan ƙungiya saboda damar da suka ba mu ta tsayawa a gabanku. Batun da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi kwamfutar tafi-da-gidanka, watau wadda muka fi sani da laftof, domin aikinsa na yau da kullum. Wani zai ga kamar wannan magana ba ta kai a tara jama'a a kanta ba. To, amma duk wanda ya san yadda ake haɗa kuɗin nan ba zai faɗi haka ba. A cikinmu akwai wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan hatsi ko ragon da ake kiwo, akwai wadda mahaifiyarta ta kwashi adashi ta miƙa mata, akwai kuma ma'aikacin da ya ci bashi a asusun gama-kai na ofis, za a riƙa cira daga albashinsa har shekara ta zagayo. Kuɗin da aka samu ta wannan hanya ba na gwaji ba ne. Idan aka yi kuskure sau ɗaya, da wuya a sami na gyarawa.

Daɗin daɗawa kuma, zamani ya riga ya tilasta mana. Iyayenmu da suka yi jami'a sun kai kundin digirinsu wurin mai tafireta ne, ya buga musu, suka biya shi shafi-shafi. Mu kuwa tun daga ƙofar shiga aka tare mu da kwamfuta, domin tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Rajistar darussa, biyan kuɗin makaranta, rajistar bautar ƙasa, neman aiki, duk ta nan ake bi. Ga kuma tsada. A watan Mayu na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, ba a kai ƙarshen Fabrairun 2024 ba sai da dala ta haye naira 1,500. Tun da yake kusan duk kwamfutar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, farashinta ya bi dala. Mafi ƙanƙancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ga shi kuwa laftof mai ɗan dama-dama, ko da 'yar gwanjo ce, takan lashe albashin watanni.

Ɗan Tarihi

Yana da kyau mu ɗan waiwaya baya, don mu ga cewa neman kwamfuta mai araha ba yau aka fara ba. A shekarar 1981 aka fito da Osborne 1 a Amurka, wadda ake lissafawa cikin kwamfutocin farko da mutum zai iya ɗauka ya yi tafiya da su. Nauyinta ya kusa kilo 11, fuskarta inci 5 ce kacal, kuɗinta kuwa dala 1,795. A wancan lokaci an ɗauke ta a matsayin mai araha.

A shekarar 2005 wani shehun malami na jami'ar MIT, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin samar wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa laftof ta dala 100. An nuna samfurinta a birnin Tunis a watan Nuwamba na wannan shekara tare da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, kuma a 2007 aka gwada shirin a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja. Amma da aka zo ƙera ta da yawa, sai kuɗinta ya doshi dala 200. A wannan shekara ta 2007 kamfanin Asus ya fito da 'yar ƙaramar Eee PC mai fuska inci 7, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka yi ta rububin saye. Ba a yi shekaru da yawa ba aka daina yayinsu, saboda nauyin jikinsu wajen aiki da ƙanƙantar madannansu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, kamfani ba ya rage kuɗin kaya sai ya rage wani abu a jikin kayan. Saboda haka aikin mai saye shi ne ya gano abin da aka rage, sa'an nan ya tambayi kansa ko zai iya zama da wannan ragi.

Tambaya ta Farko

Kafin mutum ya tambayi farashi, sai ya zauna ya rubuta ayyukan da zai yi da kwamfutar. Yawancinmu ayyukanmu ba su wuce waɗannan ba: buga takardu, karanta littattafai da maƙalu, shiga intanet, aika wasiƙu, lissafi a Excel, shirya bayanin da za a haska a allo, halartar lacca ko taro ta Zoom, sai kuma ɗan kallo da dare. Ɗalibin Hausa, ko tarihi, ko shari'a, ko koyarwa, da akawun ofis da ma'aikacin sashen mulki, duk a nan suka tsaya, kuma ba su bukatar kwamfuta mai tsada.

Akwai kuma rukuni na biyu, watau ɗaliban injiniya da zanen gine-gine da safiyo, waɗanda za su buɗe irin su AutoCAD da MATLAB da ArcGIS, da masu haɗa bidiyo. Waɗannan bukatarsu ta fi girma, kuma shawararmu gare su ita ce su tambayi ɗaliban ajin ƙarshe na sashensu irin kwamfutar da ta ɗauki aikin ba tare da tangarɗa ba. Idan kuɗinsu bai kai ba, gara su ƙara haƙuri su yi ta tari da su sayi wadda za ta tsaya cik a ranar da ake bukatarta. Jawabinmu na yau ya fi karkata ga rukuni na farko.

Sassa Huɗu da Ake Dubawa

Na farko shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. A nan ne aka fi cutar masu saye. An saba jin cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3. Wannan gaskiya ne, amma fa idan zubinsu ɗaya. Kamfanin Intel yakan fito da sabon zubi lokaci-lokaci, kuma ana gane zubin ne daga lambar da ke bin sunan. Alal misali, i5-8250U zubi na 8 ce, i5-10210U zubi na 10, i5-1135G7 kuwa zubi na 11. To, ku lura da wannan: i7-7500U, wadda take zubi na 7, sassanta masu aiki biyu ne, watau kamar ma'aikaci mai hannu biyu, ita kuwa i5-8250U, wadda ta biyo bayanta, hannuwanta huɗu ne. Ke nan i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali kuwa a kasuwa sau da yawa mai tambarin i7 ake tsauwala wa kuɗi. Mu kanmu mun taɓa faɗawa wannan rami. Mun shiga wani shago, muka ga tambarin i7 yana ƙyalli, muka biya muna murna mun yi tsuntuwa. Sai da muka isa gida muka gane tsohon zubi ne ƙwarai, batirin kuma ko rabin sa'a ba ya yi. Ba mu da bakin ƙara, domin mai shagon bai yi mana ƙarya ba. Mu ne ba mu san abin da za mu tambaya ba.

Haka nan kuma kada a raina furosesar kamfanin AMD. Irin su Ryzen 5 3500U da Ryzen 5 5500U suna aiki sosai, ta biyun ma hannuwanta shida ne. Waɗanda ya kamata a yi hattara da su su ne masu suna Celeron, irin su N4020, waɗanda akan sa a cikin sababbin kwamfutoci mafiya araha. Za su buga takarda, amma da an buɗe shafuka da yawa a intanet sai su fara jan ƙafa.

Na biyu shi ne RAM, watau ma'ajiyar wucin-gadi. Ku ɗauke ta kamar faɗin teburin karatu. Mai ƙaramin tebur, duk sa'ad da zai buɗe wani littafi sai ya rufe wani ya mayar kanta. Mai babban tebur kuwa sai ya baje su duka yana dubawa. A yau gigabait 4 ya yi kaɗan, ko da yake shi ne mafi ƙanƙancin abin da Windows 11 ke karɓa. Gigabait 8 shi ne daidai ga aikin yau da kullum, 16 kuwa ga mai hali ko mai aiki mai nauyi. Wata muhimmiyar tambaya ita ce, shin ana iya ƙarawa nan gaba? A wasu kwamfutocin an liƙe RAM ɗin a jikin allon inji, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. A wasu kuwa akwai gurbi ɗaya ko biyu da za a iya zura sabo. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wadda ke da gurbi ta fi, domin zai iya saye da 8 a bana, baɗi idan Allah ya hore ya ƙara.

Na uku shi ne ma'ajiyar dindindin, inda takardu da hotuna ke kwana. Iri uku ce. Akwai tsohon yayi, HDD, wanda faifai ne ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti guda, da wata 'yar allura tana karantawa. Yana da ɗaukar kaya, amma ba shi da sauri, kuma idan kwamfutar ta faɗi ko ta sha jijjiga a bayan babur yana iya lalacewa da duk abin da ke cikinsa. Akwai SSD, wadda ba abin da ke motsi a cikinta. Mafi ƙanƙantarta ma ta ninka HDD sauri wajen sau huɗu ko biyar, ga jure wahala, ga rangwamen cin batir. Sai kuma eMMC, wadda 'yar'uwar katin ajiyar waya ce, akan liƙe ta a cikin kwamfutoci mafiya araha, yawanci gigabait 64, wanda Windows kaɗai zai cinye babban kaso daga ciki. Idan aka ajiye muku biyu a kuɗi ɗaya, ɗaya mai HDD na gigabait 1,000, ɗaya mai SSD ta gigabait 256, ku ɗauki mai SSD ba tare da wani dogon tunani ba. Kundin digiri gaba ɗayansa, da duk littattafan da aka karanta aka rubuta shi, da wuya su cika gigabait 5. Abin da ke cika ma'ajiya finafinai ne, su kuwa ana iya nema musu wani wurin.

Na huɗu shi ne fuska da madannai, waɗanda su ne ido da yatsu za su yi ta hulɗa da su kullum, amma su aka fi mantawa. Fuska mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye ita ce ta masu araha. Mai 1920 da 1080 ta fi fitar da rubutu tangaran, kuma tana ba da damar a jera takardu biyu gefe da gefe, ana karanta ɗaya ana rubuta ɗaya. Irin da ake kira IPS ba ta dushewa idan an kalle ta daga gefe. Wajen girma kuwa, inci 14 shi ne tsaka-tsaki ga mai yawo tsakanin ɗakin kwana da aji da laburare; mai inci 15.6 ta fi nauyi, amma sau da yawa tana da madannan lambobi a gefe, abin da zai yi wa ma'aikacin sashen kuɗi daɗi. Ga masu rubutu da Hausa, albishirinku, ba sai kun nemi wata kwamfuta ta musamman ba: a cikin Windows akwai tsarin madannan Hausa, wanda idan aka ɗora shi za a sami ɓ da ɗ da ƙ.

Maganar Windows 10

Akwai wani al'amari da ya sauya lissafin kasuwar gwanjo, wanda ya wajaba kowa ya sani. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, watau ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba, in ban da wata ƙofa ta ƙarin shekara guda, zuwa Oktoban 2026, da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Shi kuwa Windows 11, wanda ya fito a 2021, ba kowace kwamfuta yake karɓa ba. A ƙa'ida yana bukatar furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000 zuwa sama, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0.

Ma'anar wannan ita ce, ɗimbin kwamfutoci masu zubi na 4 da na 5 da na 6 da na 7, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, irin su ne za ku tarar jibge a kasuwa da farashi mai jan hankali. HP EliteBook 840 G3, alal misali, wadda ta yi farin jini ƙwarai a wurin ɗalibai, zubi na 6 ce. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a kan irin waɗannan, zai kuma tashi ya yi aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu da gyara ba. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce. A duba lambar furosesa.

Wanda ƙarfinsa bai wuce tsohon zubi ba, ko kuwa ya riga ya mallaki irinta, kada ya ɗauka asara ta same shi. Akwai Linux, wanda Linus Torvalds ya faro a 1991, kuma kyauta ne. Ire-irensa kamar Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya lau a kan tsofaffin kwamfutoci, suna kuma zuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Sai dai a tabbata manhajar da sashen mutum ke aiki da ita tana hawa kansa kafin a koma.

Sabuwa ko 'Yar Gwanjo?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana. A kuɗi ɗaya, abin da mutum zai samu sabo fil a kwali shi ne galibi mai Celeron, da RAM 4, da jikin roba. Amfaninta shi ne batirinta sabo ne, ba wanda ya taɓa buɗe cikinta, kuma tana da garanti, idan a wurin dila na gaskiya aka saya. Abin da zai samu a gwanjo kuwa shi ne kwamfutar da aka ƙera domin manyan ofisoshi, irin su Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 5490 ko 7490, da HP EliteBook 840 G5, waɗanda duk fitowar 2018 ne, kuma akwai masu zubi na 8 a cikinsu. An yi su ne don su jure aikin yini guda kullum, madannansu masu daɗin bugu ne, ana kwance su cikin sauƙi, kuma kayan gyaransu suna samuwa a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja. Wannan batu na kayan gyara ba ƙarami ba ne. Kwamfutar da babu batirinta ko fuskarta a garinku, ranar da ta sami matsala ta zama kayan ado.

A ra'ayinmu, ga mai aikin yau da kullum, 'yar gwanjo ta ofis mai zubi na 8 ko sama, da RAM 8, da SSD 256, ta fi sabuwa mai Celeron. Amma da sharaɗi: sai an iya dubawa, ko an tafi da wanda ya iya. Wanda ba shi da mai duba masa, kuma aikinsa bai wuce buga takarda ba, sabuwar ta fi masa kwanciyar hankali, in dai ya nemi mai RAM 8 da SSD.

Akwai kuma Chromebook, wadda ta fara fitowa a 2011. Tana da araha, tana da riƙe caji, amma an gina ta ne bisa zaton mai ita yana tare da intanet a mafi yawan lokaci, kuma manhajojin Windows irin su SPSS ba su hawa kanta kai tsaye. Haka kuma kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta. Sau da yawa akan sayar wa ɗalibai ita a matsayin laftof ta sosai, ba su farga ba sai sun je ɗora manhajar da malami ya ce a ɗora.

Yanayin Ƙasarmu

Waɗanda suka ƙera kwamfutocin nan ba su yi lissafi da ɗaukewar wuta, da zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu ba. Mu ne za mu yi wannan lissafi. A wurinmu batir ya fi ƙarfin furosesa muhimmanci, domin kwamfutar da ta mutu da ƙarfe tara na dare, ana gobe jarrabawa, ba ta da wani amfani komai ƙarfinta. Ana auna girman batir da Wh. Laftof ta ofis a aiki marar nauyi takan ci wajen wat 8 zuwa 10, ke nan batir mai 50 Wh zai ba da kimanin sa'a biyar ko shida idan lafiyayye ne. Amma batir yana tsufa da yawan caji da kuma zafi, don haka na 'yar gwanjo ba safai yake cika yadda aka yi shi ba.

Yana da kyau kuma a nemi wadda ake iya yi wa caji ta ƙofar USB-C, kamar waɗancan uku da muka ambata, domin samun cajarta ya fi sauƙi, kuma akwai batiran ajiya masu ƙarfi da ke iya ɗaukarta. A guji caja ta jabu, musamman ga masu aiki da janareta. A guji ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, domin yin haka na toshe mata hanyar iska. Bayan kowane hunturu kuma a kai ta a busa mata fanka.

Ranar Ciniki

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kada ku tura kuɗi saboda hoton da kuka gani a waya. Ku je da ƙafarku, ku zauna, ku ba kwamfutar aƙalla rabin sa'a, ku bi waɗannan matakai:

1. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. A shafin da zai buɗe za ku ga ainihin sunan furosesa, da yawan RAM, da irin ma'ajiyar, ko SSD ce ko HDD. Abin da kuka gani a nan shi ne gaskiya, ba tambarin da aka manna a jiki ba.

2. Ku sa a buɗe tagar ba da umurni a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100, sai a rage muku kuɗin sabon batir.

3. Ku cire caja, ku kunna bidiyo, ku ga yadda cajin ke sauka, ku kuma saurari fanka, ku taɓa ƙasan kwamfutar ku ji zafinta.

4. Ku buɗe farin shafi, sa'an nan baƙi, ku duba ko akwai tabo ko layi a fuska. Ku danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Ku gwada kyamara, da lasifika, da makirufo, da kowace ƙofa, ku kuma haɗa ta da intanet ɗin wayarku.

5. Ku buɗe murfin ku rufe sau da yawa. Maɗaurin murfi na daga cikin abubuwan da ke fara karyewa, musamman a masu jikin roba.

6. Ku kashe ta ku sake kunnawa, ku tabbata ba ta neman kalmar sirri tun kafin Windows ya tashi, ba ta kuma nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman a shiga da asusunsu. Irin wannan kulle yana da wuyar cirewa, wani lokaci ma alama ce ta kayan sata.

7. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar jikin kwamfutar, da adadin kwanakin gwaji da aka yi muku alkawari. Rasit ɗin nan shi ne shaidarku a wurin mai shago, shi ne kuma shaidarku idan jami'an tsaro suka tare ku a hanya.

Wata shawara kuma, kada ku zuba duk abin da ke hannunku a kan kwamfutar. Ku ware kamar kashi ɗaya cikin biyar domin jaka mai kauri, da filas, da abin da ka iya tasowa na batir ko caja.

Bayan Saye

Za mu rufe da abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Mun san wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe wadda ta kai babi na huɗu a kundinta, saura mako uku a miƙa. Ta tafi masallaci ta bar kwamfutarta tana caji a ɗakin karatu, ta dawo ba ta tarar da ita ba. Kukan da ta yi ba na kwamfutar ba ne, na aikin wata bakwai ne wanda ba ta da kwafinsa a ko'ina. Kwamfuta ana sake saye, ko a ara; amma hirarrakin da ta yi da tsofaffi a ƙauye, wasunsu ba za su maimaitu ba. Saboda haka duk aikin da kuke tsoron rasawa, ku ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a filas da ba ya kwana cikin jaka ɗaya da ita, sa'an nan a intanet. Google Drive na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta. Ko aika wa kai wasiƙa da kundin a liƙe kowace Juma'a ya wadatar. Ga ma'aikata kuwa, a kiyaye dokar ofis game da takardun gwamnati, kada a kwashe asirin ofis a zuba inda bai kamata ba.

Kammalawa

Ya Shugaba, 'yan'uwa, a taƙaice abin da muke cewa shi ne: a fara da sanin aikin da za a yi, a nemi zubi na 8 ko sama, da RAM 8, da SSD, a fifita batir da samuwar kayan gyara a kan kyan jiki, a duba da ido kafin a biya, a karɓi rasit, a kuma riƙa ajiye kwafin aiki. Kada ganin ta abokin ɗaki ya sa mutum ya ɗora wa iyayensa nauyin da ya fi ƙarfinsu, domin ba a taɓa ba wani digiri saboda sirantar kwamfutarsa ba. Muna kuma roƙon shugabannin wannan ƙungiya da su duba yiwuwar kafa ɗan kwamiti na ɗaliban sashen kwamfuta, waɗanda za su riƙa raka sababbin ɗalibai kasuwa a farkon kowane zango. Wannan ƙaramin aiki ne, amma zai tsare wa iyaye da yawa guminsu.

 Idan akwai tambayoyi, muna nan. Allah ya ba mu sa'ar karatu da aiki, ya sa albarka a cikin abin da za mu saya.